Tarin da Yayana Ya Dawo da Shi Daga Abijan

Yayana ya bar karatun lakwal ne don ni in ci gaba. Shekarar da babanmu ya rasu gero bai yi ba a Barmu, sai ya bi samarin garinmu zuwa Abijan yana tallar takalma. Ya daɗe yana wannan tafiya. Matarsa tana gida wajen Inna, shi kuwa sai damina yake zuwa. Da guminsa na yi karatu har na zama malamar makaranta a Tawa.

Wata shekara ya dawo tun ruwa bai sauka ba, yana tari, rigunansa duk sun yi masa yawa. Inna ta yi ta dafa masa sassaƙe, babu sauƙi. Na ɗauko shi zuwa asibiti a Tawa, aka auna kakinsa, aka ce tarin fuka ne. Likitar, wata dattijuwa, ta nemi yardarsa a duba jininsa ma. Ta ce sau da yawa sida, wato ƙanjamau, ce ke raunana jiki, tarin ya samu hanya. Ya yarda.

Da sakamako ya fito, shi kaɗai aka kira. Ya dawo ya zauna kusa da ni a inuwar dogon yaro.

"Auta, an same ta a jinina," ya ce.

Na fashe da kuka. "Yaya, ba don karatuna ba da ba ka je can ba."

"Ke kika aike ni? Share hawayenki. Ni matata nake tunani. Da wane baki zan gaya mata?"

Ni na je Barmu na zo da ita, amma da kansa ya gaya mata, a ɗakina. Ba ta ɗaga murya ba. Washegari ta goya 'yarsu muka tafi awon jini. Ita tana da cutar, yarinyar Allah ya kiyaye ta.

Watanni suka yi a gidana har tarin ya rabu da shi. Yanzu shi da matarsa suna shan magani, shi yana sayar da albasa a kasuwa, ya daina tafiya. Inna har ta rasu tari kawai ta sani.

Duk zuwan da matar za ta yi karɓar magani sai ta biyo ta gidana da ƙwaryar fura, tana yi mini godiya. Nakan karɓa da hannu biyu, in rasa inda zan sa idona.