Tabarmar Kaigama

Ranar Laraba da ƙarfe biyar saura kwata na yamma, ina zaune a zaurena a unguwar Zango, ni da ƙanena da jikana mai zuwa lakwal, wato makarantar boko. Jikan ya ja tabarma a kan siminti. Wannan ƙarar ce ta mayar da ni gidanmu na Birni, gaban kakata.

Zan faɗa maka abin bi da bi.

Kakata tana ba da labari da rana tsaka, muna ɓarar gyaɗar da aka kawo daga Mirriya. In aka ce ba a tatsuniya da rana, sai ta ce nata ba tatsuniya ba ne. Ƙasar da ke cikin labarin ita ta ƙirƙire ta. Babu aljani a ciki, babu layar zana. Sarki ne da ya fara kurumcewa, da Kaigama mai faɗa masa gaskiya, da Galadima mai fara'a. Galadima bai taɓa zagin kowa ba. Kowace Juma'a dai yakan riga kowa shiga fada, ya ja tabarmar Kaigama baya kaɗan. Kafin kaka ta zagayo, Kaigama yana bakin ƙofa, yana magana sarki ba ya ji.

Matan unguwa suka ɗauki labarin zuwa rijiya. Daga nan aka fara cewa Galadiman nan ai wani babba ne da baffana yake bi, don ya sama masa rawanin mai unguwa.

Baffa ya shigo, ko takalmi bai cire ba.

"Inna, za ki hana ni rawani! Ki sa aljani ya ɗauke Kaigaman nan, don kowa ya san ƙarya ce."

Ba ta daina ɓara ba. "Aljani ba ya jan tabarma, ɗan nan. Mutum ke ja."

"To ki bar labarin."

"Cire takalminka ka zauna, yanzu zan ƙarasa."

Bai zauna ba, amma bai fita ba. Ta ƙarasa: Kaigama ya naɗe tabarmarsa, ya ratsa fada da ita a hamata, ya shimfiɗa ta daf da kunnen sarki, ya faɗi abin da ya zo faɗa. Washegari aka kore shi daga ƙasar.

Baffa bai samu rawanin ba. Damina guda bai gaishe ta ba. Ita kuma ba ta canja ko kalma ɗaya ba har ta rasu.

Da na ba jikana labarin, sai ya ce babu wanda zai saurare shi a waya in ba a sa tsafi ba, kuma dole Kaigama ya ci nasara. Ƙanena ya goyi bayansa. Na ce a'a, kuma har yanzu a'a nake cewa.

Kai mai karatu, ga roƙona. In za ka ba 'ya'yanka, ka ba su yadda na ba ka. Kada ka sa aljani, kada ka ceci Kaigama. Ka bar Galadima da hannunsa a kan tabarma, don yaran su gane shi ranar da suka haɗu da shi.