Dokin Ƙofar da Habu Ya Fasa

Shekara tara ke nan da rasuwar Inna, kuma har yau idan na tuna ta, tambayarta ce take fara zuwar min kafin fuskarta. Tana kwance, numfashi sama-sama, ta riƙe hannuna ta ce, "Hadiza, wa zai riƙa juya min Habu?" 

Habu ƙanena ne. Wani rani ya hau gawo zai saro wa tumakinmu ganye, reshe ya karye da shi. A asibiti a Kano aka ce lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba zai ƙara ji ba. Aka koya wa Inna yadda za ta riƙa juya shi a shimfiɗa don kada bayansa ya yi gyambo, muka dawo ƙauye da shi da keken guragu. Inna ta karɓi aikin nan hannu bibbiyu, ta ƙi sakar wa kowa. Ita ce wanka, ita ce juyi, har abinci sai ta nemi ta ba shi a baki, alhali hannayensa sun fi nawa ƙarfi.

Zauren gidanmu yana da dokin ƙofa mai tsayi. Marigayi Baba ne ya gina shi don tare ruwan da ke gangarowa daga gonaki da damina. Keke ba ya haye shi sai mutum biyu sun ɗaga. An sha ba Inna shawara a fasa, ta ce a'a, aikin marigayi ne. Mu dai mun san ba ginin take karewa ba. Tsoro take kada ɗanta ya fita ya faɗi, ko wani ya yaɓa masa maganar da za ta zauna masa a rai. Habu kuwa, mai surutun da a da sai an roƙe shi ya yi shiru, ya koma ba ya ko ɗaga kai. Masu dubiya su ce sannu, ya ce yauwa, hira ta ƙare.

Bayan sadakar arba'in ɗin Inna, dangi suka zauna suna shawarar gidan wa za a kai shi, yana zaune yana jinsu. Na ce ni zan ɗauke shi, ko da yake ban san inda zan sa shi ba a ɗakina ɗaya. Sai ya ce, "Yaya, aro min diga." Ya sauko daga keke, ya ja jiki zuwa zaure, ya hau saran dokin ƙofar nan. Kawunmu Sale ya miƙa hannu zai karɓa, ya ce, "Kawu, don Allah bar ni." Haka muka tsaya muna kallo har ya gama, tafukansa duk sun saɓule. Daga ranar ba wanda ya ƙara zancen kai shi wani gida.

Da damina ta faɗi kuwa, ruwa ya shigo har tsakar gida ya jiƙa mana gero, na yi masa tsiya son raina. Ya yi dariya, karon farko tun faɗuwarsa, ya sa aka zubo ƙasa ya daddale ta, ta zama tudu mai gangara ciki da waje. Juyin kuma, igiya ya ɗaura a azarar ɗakinsa, da ita yake juya kansa. Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Ya taɓa yin sakaci gyambo ya kama shi, ya sha kwanciya, hankalina ya tashi ƙwarai. Amma da kansa ya nemi mota ya koma asibiti.

Yau yana zaune a rumfarsa a kasuwar Gezawa yana gyaran injin ban-ruwa, masu lambu na layi a gabansa, surutu ya dawo har ya fi na da. Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta gan shi. Na san ta. Faɗa za ta fara yi: wa ya bar shi cikin rana, wa ya ce ya taɓa baƙin mai. Sai ta gama ta koma gefe ta yi kukanta.

Ba na ganin laifinta. Kulawarta ce ta raya jikin nan a lokacin da sakaci kaɗan zai iya kashe shi, kuma taurin kan da ya tashi da shi a wurinta ya gada. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta, don ni ma yanzu na huta da fargabar da ta bar min.

Habu ya yi aure, an haifa masa 'ya, ya sa mata sunan Inna. Watan jiya na je na tarar da ita ta dafa ƙarfen kekensa ta miƙe. Yana turawa a hankali, tana binsa ɗaɗɗaya, yana ce mata, "Taho, Innata, ba zan bari ki faɗi ba."