Baba Na-Sama da Masu Tuta

Kafin motar farko ta shigo filin sauke kaya, Baba Na-Sama ya riga ya kama tsani. Goran shayi a rataye, yana hawa yana yi wa gwiwoyinsa faɗa. Can ƙololuwa akwai ɗan ɗakin gilashi, daga nan yake tuƙa injin ɗaga kwantena. Ya ce mu na ƙasa tururuwa ne masu hular kwano.

In ka cire mutanen ofis, babu mai albashinsa a filin nan. Shi ya sa ake masa tsiya duk ranar taron ƙungiyar ƙwadago, in ya sauko ya raɓa a benci cikin masu shara da masu tuta.

"Baba, me ya kawo mai ƙoshi layin abinci?" in ji Gajere, mai tutar da ke yi masa ishara daga ƙasa.

"Na zo in ga ko ka ƙara tsawo."

Matarsa ma ta yi magana, shi ya ba mu labari. Wai, "Malam, kai da ba ka da kuka, me kake nema a taron masu kuka?" Ya ce mata sama babu abokin hira.

Wata shekara kamfani ya zo da dabara. Za a sallami masu tuta, a maƙala wa injin kamara, a ƙara wa direbobi albashi. Sauran direbobin suka fara lissafin ƙarin a zuci. Baba ya miƙe a gaban manaja.

"Ranka ya daɗe, kamara kwantena take gani. Gajere kuwa yana ganin wawan da zai bi ta ƙarƙashinta yana waya. In babu tuta a ƙasa, ni ba na ɗagawa."

Da mai shara ne ya faɗi haka, da tuni an nuna masa ƙofa. Amma hannu irin na Baba ba a tsintarsa a bakin titi. Aka saka kamara, aka bar masu tuta, ƙarin albashi ya bi ruwa. Direbobi suka daɗe suna amsa gaisuwarsa da hanci.

Sai ga yana ta fito a idon Baba. Likita ya duba, ofis ya ce a sallame shi, alhali saura kaɗan ya cika shekarun fansho. Ranar nan albashi mai tsoka bai cece shi ba.

Washegari motoci suka yi layi har waje. Masu tuta sun zo aiki a kan kari, kowa ya naɗe tutarsa ya zauna a inuwa. Babu tuta, babu ɗagawa. Direbobin nan masu fushi ma ɗaya bayan ɗaya suka sauko. Manaja ya fito yana tambayar abin da ya faru.

Gajere ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe. Idonmu na sama ne ke ciwo. Muna jira ya warke."

Aka yi wa Baba aikin ido, kamfani ya biya. Ya dawo yana koyar da sababbin direbobi, har makon jiya da ya yi ritaya da haƙƙinsa cif. A wurin ban kwana matarsa ta zuba wa Gajere nama har ya yi tozo a faranti. Mu dai ba mu tuna mata maganar masu kuka ba.

Baba, kai ne ka zauna da mu tun ba ka bukatarmu. Kai ne na sama mai ido a ƙasa. Ba ka taɓa yi mana wa'azi ba, tsani kawai ka riƙa saukowa da gwiwoyin nan masu ƙara. Mun gode. Allah ya ƙara hasken ido, ya ba gwiwa lafiya.

Ku kuma masu albashin da ba a faɗa da ƙarfi, kuna tambaya me ƙungiya za ta tsinana muku. Wataƙila ba komai, muddin ido na gani. Ku dai sauko. Wurin Baba a benci yana nan, Gajere ya ce zai matsa.