Satifiket a Cikin Acca

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma ranar da na je intabiyun aikin koyarwa a Kafanchan tana nan daram a raina, kuma ban ga ranar da za ta fita ba. Na gama karatu a kwalejin ilimi ta Gidan Waya, na yi shekara biyu a gida Manchok ina taya Mama noman citta, ƙannena suna kirana "Malama" don tsokana. Aikin nan ido rufe nake nemansa.

Mama kuwa ba ta taɓa yarda akwai jakar da ta cika ba. In ka ce mata babu wuri, sai ta dube ka kamar ka yi saɓo. Da safe na shirya jakata tsaf, farar riga a ƙasa, fayil ɗin takarduna a sama, na shiga wanka. Kafin in fito ta zazzage komai ta sake shiri irin nata, domin gidan kawuna zan sauka bayan intabiyu, kuma a wurinta shiga gidan mutane hannu wofi abin kunya ne. Na tarar da ita ta hau kan jakar da gwiwa tana jan zif, ƙamshin daddawa na tashi.

"Mama, ina takarduna?"

"Suna ciki. Ki tafi, mota ba zai jira ki ba."

Na fita ina ƙunƙuni. Ta bi ni da addu'a har bakin hanya, ko amin ban ce ba. Wannan har yau yana damuna.

A tasha direba ya ƙarasa abin da Mama ta fara. Kujerar mutum uku ya zuba mu huɗu, ya ce, "Sista, ki matsa kaɗan, akwai sifes." Sannan ya danna jakata ƙarƙashin kujera da ƙafa. Wajen Kagoro na ji wani abu ya yi fus, ban kawo komai a raina ba.

Sai a barandar makarantar, muna layi, na buɗe jakar. Ashe gorar manja ce ta fashe. Farar rigata ta koma ja, fayil ya jiƙe sharkaf. Na buɗe shi, babu ko takarda ɗaya a ciki. A daidai nan aka kira sunana.

Mutum uku ne a ofishin, shugabar makarantar a tsakiya, dattijuwa mai tabarau. Ta ce, "Takardunki fa?" Na durƙusa na fara fito da kaya. Citta ta fito, daddawa ta fito, har ɗaya daga cikin mutanen ya tashi ya buɗe taga. Ina gab da fashewa da kuka na ji wani abu mai tauri a cikin ledar acca. Na kwance na zura hannu, sai ga takarduna a tsakanin kwali biyu, an naɗe su da leda har uku, ko ɗigon mai bai taɓa su ba. Na miƙa su acca na zuba a kan tebur.

Shugabar ta kakkaɓe su, ta dube ni ta saman tabarau. "Mamanki ne ya shirya miki kaya?" Na ɗaga kai. Ta ce, "Ki gaishe ta. Ni a cikin garin masara aka sa nawa." Suka yi dariya, tsorona ya sauka, na amsa tambayoyinsu. Na samu aikin.

Da na koma na ba Mama labari, ta ce ai ta san manja da takarda ba sa zama wuri ɗaya, shi ya sa ta raba su. Na ce to da ta bar manjan mana. Ta riƙe baki. "In bar manja? Kawunki ya ce mene?"

Bara 'yata za ta tafi makaranta, na tsinci kaina a kan jakarta da gwiwa. A nan na gane cewa uwa mai cusa kaya tsoro take ji, kada ɗanta ya rasa wani abu a inda hannunta ba zai kai ba. 'Yata ma ta fita tana ƙunƙuni. Na bi ta da addu'a har bakin hanya, na ce amin sau biyu, da nata da wanda ban ce wa Mama ba.