Wankan Inna

Mu biyu ne mata a ɗakin Inna, ni da autarta. Duk mai kallon finafinan Hausa ya san fuskar ƙanwar tawa, don haka ba sai na kama suna ba. Ni kuwa a kasuwar Azare aka san ni, layin masu kuka da daddawa, kuma da kaifin baki aka san ni.

Tun tana ƙarama take kwaikwayon mutane. Ta yi tafiyar Inna, ta yi tarin Baba, har shi Baban ya ƙware da dariya. A sakandare aka fara sa ta wasan dandali. Na tuna wanda suka yi kan awon ciki, ta fito a tsohuwar ungozoma mai taurin kai, mata na ta guɗa, ni kuwa ina can baya na ja mayafi don kada a ce 'yar gidanmu ce. Da aurenta ya mutu ta tafi Kano. Ta daɗe tana fitowa a 'yar aiki ko maƙwabciya kafin a ba ta fitowar uwa, wadda ta jawo mata lambar yabo. Ranar da aka nuna ta a talabijin tana karɓa, Inna ta sa aka toya waina ta yi sadaka. Ni ko loma ban ci ba.

Da ciwo ya kwantar da Inna, ni na yi jinyarta. Wata rana bayan la'asar ina tsefe mata kai, ta ce, "Idan ta Allah ta kasance, auta ce za ta wanke ni. Hannunta da sanyi. Ke dirzar mutum kike yi kamar gindin tukunya." Na yi dariyar yaƙe. Daga ni sai ita a ɗakin.

Bayan asuba ta cika. Aka buga wa auta waya, ta kamo hanya. Da ta iso Jama'are ta kira ni, ta ce, "Yaya, don Allah ku jira ni." Na ajiye wayar. Na sa aka ɗora ruwa, aka daka ganyen magarya, na aika aka kira wata dattijuwar maƙwabciyarmu. Amma auta ta riga mu. Tun kafin ruwan ya huce ta shigo, ƙafa ba takalmi, ta nufi ɗakin. Na tare ƙofa.

"Ina za ki?"

"Wajen Inna."

"Kya gan ta in an suturta ta. Hannun da ya gama yawon duniya ba zai taɓa gawar uwata ba."

Tsakar gida cike da mata. Gwaggonmu ta Katagum, ƙanwar Baba, ta ce, "Haba ke kuwa, yau ma?" Na ce, "Gwaggo, ni na kwashe kashi da fitsari, ni ke da iko." Auta ta dube ni. Ta zauna a ƙasa a bakin labule.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ban iya wankan ba. Dattijuwar kuma idonta ya yi rauni. Ina ta dabur-dabur da buta, sai na ji murya ƙasa-ƙasa ta bayan labule, yadda ni kaɗai zan ji: "Yaya, alwala tukuna." Can kuma, "Ta dama ake farawa." Can, "Kafur sai a ruwan ƙarshe. Gashin ki raba shi uku." Ashe wani fim da ta yi ne ya sa ta je ta tare wajen wata tsohuwa mai wankan gawa har ta koya. Duk abin da ta ce na bi, ina yi ina jin haushinta. Da muka fito mata na sa mini albarka, na karɓa.

Sai da na haura hamsin na shiga makarantar matan aure. Da muka kai babin jana'iza, Malama ta ce wanda mamaci ya ambata da bakinsa shi ne kan gaba a wankansa, ko da bare ne. Na ɗaga hannu. "Idan wadda ta ji ta ɓoye fa?" Malama ta ce, "Ta ci amanar mutum biyu, na kwance da na tsaye." Allon gaban ajin nake kallo, amma ban ƙara ganin harafi ba.

Bayan ƙaramar Sallah na ji auta ta zo gaida Gwaggo, na hau mota zuwa Katagum. Na tarar da ita a gindin dalbejiya tana ɓarar gyaɗa. Ko gaisawar kirki ban bari mun yi ba, na zazzage mata komai, har maganar tukunyar.

Ta hure ɓawon da ke tafinta. "Na sani, Yaya. Inna ta faɗa mini a waya, sati biyu kafin rasuwarta."

"Kin sani kika yi shiru?"

"In yi musu da ke a kan gawa? Ke fa? Da har magariba ba a kai ta ba."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ni da ban taɓa rasa amsa a kasuwa ba, da ƙyar na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Nawa na yafe tun a bakin labulen. Na Inna ba a hannuna yake ba." Ta turo mini farantin gyaɗar da ƙafa. "Sa hannu, Gwaggo kunu take so."