Lauyan Mai Faci

Matso kusa ka ji labarin wani dattijo. Idan ka bi titin da ke bayan tashar mota har inda kwalta ta ƙare, za ka ga rumfar kwano da tsofaffin tayoyi jibge a gaba, da bahon ruwa baƙi ƙirin, da injin iska mai tari kamar tsohon mashayin taba. Nan Mai Faci yake zaune tun gemunsa baƙi wuluk, ga shi yau ya yi fari fat. Mutum ne mai sanyin hali, ko ƙuda ne ya faɗa masa a shayi sai ya tsamo shi ya ɗora a bakin benci ya bushe. Daga wannan rumfa ya ciyar da gidansa, ya aurar da 'ya'yansa, saura Auta kaɗai.

Wata damina aka yi iska mai ƙarfi. Da safe ya zo buɗe rumfa ya tarar da ɗan hankaka a cikin wata tsohuwar taya, jiƙe sharkaf, duk baki ne da ciki, gashi tsilli-tsilli. Ya ɗaga kai ya duba bishiyar bayan rumfa, sheƙar ta tarwatse, iyayen kuma ba alamarsu. Sai ya naɗe shi a tsumma ya sa a kwali, da yamma ya tafi da shi gida.

Uwargidansa ta leƙa kwalin ta ja da baya. "Baban Auta, me zan gani? Mutane na kawo wa iyalinsu kaza, kai ka kawo mana hankaka?"

"Maraya ne."

"Ana cewa hankaka mai da ɗan wani naka. To yau ga wanda ya mai da ɗan hankaka nasa."

Auta ce ta raɗa masa suna Lauya, saboda baƙar riga da farin ƙirji, ga surutu ba a tambaye shi ba.

A rumfa Lauya ya girma. Hannun Mai Faci kullum cikin gam da baƙin mai yake, don haka idan lokacin abinci ya yi sai ya ƙwanƙwasa sifana a jikin ƙarfen taya, ƙwal-ƙwal, ya wanke yatsu, ya jiƙa burodi ya tura masa a baki. Ba a daɗe ba tsuntsun ya gane: ƙarar ƙarfe, sai hannun mutum, sai ƙoshi. Sauran abubuwa kuwa ba wanda ya koya masa. Ran nan kawai ya buɗe fiffike ya haye kan rumfa. Wata rana aka ga yana cusa guntun nama a ƙarƙashin tiyub yana rufewa da takarda, yana waige-waige kamar ɓarawo. Mai Faci ya yi ta dariya, yana nuna wa direbobi. "Ku duba fa, wallahi ban koya masa ba. Da kayansa ya zo duniya."

Abu ɗaya ne bai zo da shi cikakke ba, Mai Faci kuma bai lura ba. Lauya ba ya tsoron ɗan Adam. Ya sauka a kafaɗar direba, ya zauna a teburin Mai Shayi yana leƙa kofunan mutane, ya shiga shagon Tela, matar da ke ɗinki a tsallaken titi, ya ɗauke mata maɓalli. Ana dariya, ana ba shi gutsure. Mai Faci kuwa har wani daɗi yake ji idan baƙo ya tsaya yana tambayar tsuntsun wane ne.

Ranar da dariya ta ƙare, 'yar Tela ce, yarinya da ba ta daɗe da fara tafiya ba, take zaune a bakin shago da burodi a hannu. Lauya ya sauka a kanta kamar yadda ya saba sauka a kan kowa. Ta firgita ta fizge, farcensa ya karce ta daga goshi har gefen ido. Allah ya tsare idon, amma jini ya wanke mata fuska.

Uban yarinyar, direban babbar mota, ya zo rumfa da yamma. Bai ɗaga murya ba, shi ya fi ciwo. "Baba, albarkacin furfurarka na zo da baki. Idan na sake ganin tsuntsun nan kusa da mutum, maganin ɓera zan sa masa a nama. Kada ka ce ban faɗa maka ba."

Mai Faci kuwa ya riga ya ga fuskar yarinyar da idonsa.

Ya fara da dabara. Ya sa Lauya a kwali, ya hau mota har bayan gari ya sake shi. Kafin ya dawo, Lauya na kan injin iska yana gyaran gashi. Ya haɗa masa keji da waya, tsuntsun ya ƙi ci, ya yi ta dukan wayar har gindin bakinsa ya fashe. Dole ya buɗe.

Uwargida ce ta faɗa masa gaskiya tana tsintar shinkafa, ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Ka ba shi ci, ka ba shi sha, amma aikin uwarsa ba ka yi ba. Ka taɓa kallon na daji? Mutum na matsowa uwar za ta ƙwala ihu, 'ya'yan su watse. Kai kuwa ka nuna masa hannun mutum duk alheri ne."

"To yanzu ya zan yi?"

"Ka san yadda za ka yi. So kake ni in faɗa."

Washegari ya yanko dogon zirin tiyub ya ɓoye a bayansa. Ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa. Lauya ya sauko ya dira a gwiwarsa, ya buɗe baki yana karkaɗa fiffike irin na 'yan tsaki, duk da girmansa. Mai Faci ya runtse ido ya zabga masa. Mutumin da bai taɓa dukan komai ba bai san nauyin hannunsa ba: robar ta kama ƙafar hagu, ya ji ɗan ƙas. Tsuntsun ya faɗi, ya yi birgima, ya tashi a karkace.

Ranar Mai Faci bai ci abinci ba. Ya liƙa faci a inda ba huji, sai da mai keken ya nuna masa.

Da safe Lauya ya dawo, ya tsaya nesa kaɗan a kan ƙafa ɗaya, ya karkata kai yana kallonsa. Mai Faci ya ɗebi tsakuwa ya watsa masa. Haka suka yi ta yi har tsuntsun ya daina sauka a rumfa. Mai Faci ya ce a ransa, to, ko ba komai ya tsira.

Sai ga Mai Shayi ya ƙwala masa kira daga tsallake. "Baba, zo ka ga ikon Allah! Lauyanka ya ce da kai kaɗai yake shari'a, mu ba ruwansa da mu."

Ga Lauya kuwa a kan teburin shayi, yana ɗingishi tsakanin kofuna, hankalinsa kwance. Yana hango Mai Faci ya tashi da ihu. Ashe fuska ya riƙe. Bai koyi tsoron mutane ba, tsoron mutum ɗaya ya koya. Mai Faci ya tsaya a tsakiyar titi, mashin na masa oda. An karya ƙafar, ga maganin ɓera kuma har yanzu yana jira.

Sai ya cika gwangwanin madara da tsakuwa ya bi shago-shago. Dattijo guda yana roƙon mutane su jefi abin da ya rena. "Don Allah kada ku ba shi komai. Ya sauka, ku kore shi. A ƙasa za ku jefa kusa da shi, ban da jikinsa." Mai Shayi ya karɓa yana tsokana, mai wankin mota ya karɓa, Tela ma ta karɓa. Da ya zo kan direban, mutumin ya dubi gwangwanin, ya dubi dattijon, ya miƙa tafin hannu. "Zuba, Baba. Zan jira in gani."

Titin gaba ɗaya ya juya wa Lauya baya. Duk inda ya nufa, ihu da tsakuwa da tafi. Mai Faci yana zaune yana kallo, kowane jifa kamar a ƙirjinsa yake sauka. Sannu a hankali tsuntsun ya koma kan fal ɗin wuta, daga nan ya koma juji bayan tasha, cikin 'yan'uwansa. Direban bai sa maganin ba.

Lauya yana nan da ransa, ana gane shi da karkatacciyar ƙafa. Sauran mutanen titi ya yafe musu, nesa kawai yake ba su. Amma Mai Faci na rufe rumfa ya kama hanyar gida, sai ya taso ya bi shi daga fal zuwa fal yana zazzaga masa ihu. Da shekara ta zagayo, sai ga wasu ƙananan hankaki sun shiga sahu, waɗanda ko kallon banza Mai Faci bai taɓa yi musu ba. Sun ji daga babba, sun riƙe.

Auta ta ce, "Baba, ka riƙa bi ta bayan makaranta mana. Mutane fa na dariya."

"Ƙyale su, Auta. Ƙarya hankakin suke yi mini?"

Har yau ta nan yake bi. Zai rataya jakar kayan aikinsa, ya sunkuyar da kai, su kuma suna sama suna faɗin abin da ya yi, bai taɓa ƙara sauri ba har ya sha kwanar gidansu.