Gwabar da Na Sare Saboda Gazon

Assalamu alaikum, ya ku masu karatu. A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni malami ne mai karantar da fiƙihu a zauren gidana a cikin Birnin Damagaram, mutum ne da aka saba tambayarsa, bai saba tambayar kowa ba. Gidanmu na ƙasa ne, tsakar gidan yashi, a tsakiyarsa kuma akwai bishiyar gwaba wadda maiɗakina ta zo da ita daga garkar mahaifinta a Mirriya tun tana amarya. Kowa ya san tsadar ruwa a garin nan, don haka ba mu taɓa ware wa gwabar ko da guga guda ba. A gindinta muke alwala, ni da ita da ƴaƴanmu, da wannan ruwan ta rayu har ta rufe rabin gidan da inuwa. A ƙarƙashinta nake muraja'ar littattafaina bayan la'asar, ita kuwa tana gefe tana tsince wake.

Da babban ɗanmu ya samu aiki a Yamai, sai ya zo ya gyara gidan, ya ja famfo, ya shimfiɗa mana ciyawar ado da ake kira gazon. Ba zan ɓoye ba, ta shiga raina ƙwarai. Ni da nake yi wa ɗalibai wa'azi kan ɓarnar ruwa, sai ga ni riƙe da tiyo da rana tsaka. Da bazara ta kama, ciyawar da ke kusa da gwabar ta soma yin ɗorawa-ɗorawa tana bushewa. Na ƙara ruwa, na zuba takin awaki, abin sai gaba yake.

Maƙwabcina Kirista ne, tsohon ma'aikacin asibiti, mun tsufa tare muna tsokanar juna. Ya leƙo ya ce mini, yana dariya, Malam da ba ya ba da fatawa sai ya buɗe littafi, ai ya kamata ya buɗe ƙasar nan ya ga abin da ke ciki kafin ya yanke hukunci. Na ce masa ya tsaya a kan allurarsa, ni na riga na gane mai laifi: inuwar gwaba ce da saiwoyinta. Maiɗakina ba ta yi gardama ba. Ta dai ce, Malam ya tuna bishiyar nan ta girmi ƴaƴansa duka, a bar ta ta ga damina.

Ban bar ta ba. Da maiɗakina ta tafi Mirriya sunan jikar ƙanwarta, na kira masu gatari suka sare ta. Da muka soma tone saiwa, sai muka tarar da gara ta cinye ƙarƙashin ciyawar ƙaf, takin da na zuba ma ya ƙara jawo ta. Gwabar ba ta da laifin komai. Nan muka bar kututturen. Da inuwa ta kau, rana ta ƙone sauran gazon ɗin kafin ruwan farko ya sauka.

Da ta dawo, ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi sararin sama inda ganye yake a da. Ta yi mini sannu da gida, ta tambayi ko na ci abinci. Da aka kira azahar, ta ɗauki butarta ta je ta tsuguna a gindin kututturen. Haka ta yi ta yi kullum, ba ta taɓa ɗaga maganar ba, ni ma girman kai ya hana ni ba ta haƙuri. Kututturen ya yi toho da kaka, ta kewaye shi da kara don awaki. Allah ya karɓi ranta kafin ya yi fure.

Bana gwabar ta yi ƴaƴan farko tun bayan saran. Na tsinko su, na kasa kaiwa baki, na miƙa wa maƙwabcina ta katanga. Ya karɓa, wannan karon bai tsokane ni ba.

Na koyi cewa hukunci kafin bincike zalunci ne, ko da a kan itace. Wanda ciyawarsa ta bushe, ya tona ya duba, ya yi ban ruwa da sanyin safiya, kada ya ɗauki gatari. Wanda kuma yake da haƙurin da zai bayar, ya bayar yau, tun mai karɓa tana tsakar gida. Allah ya jiƙanta, ni kuma ya yafe mini.